Ragayar Bidi

Dokin ba na Radiya ba ne, amma a kanta ya ƙare. Mijinta Malam Muntasir ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, yakan fita Litinin da asuba, sai Juma'a da yamma ya dawo. Dokin kuwa yana nan ɗaure a bargar da ke bayan zaure, a gidansu na gado cikin unguwar Kwarbai a Zariya. Bidi ne a launin gashi, haka kuma ake kiransa, don ba wanda ya taɓa raɗa masa wani suna. Mahaifin Muntasir ne ya saye shi yana duƙushi, shekara biyu kafin ya rasu. Da aka zo rabon gado ƙannen duk suka ce ba su da inda za su ɗaure doki, shi kuma Muntasir ya ce ba zai sayar da abin da Baba ya rena da hannunsa ba.

A da akwai fili a bayan gidan, inda ake sakin dokin ya ɗan yi kiwo. Yanzu gidaje uku ne a wurin, da shagon cajin waya. Akwai kuma wani dattijo, Yakubu, da ke zuwa kullum ya share barga ya fita da shi zagaye. Bara ciwon gwiwa ya mayar da shi ƙauyensu, ba a sami wani ba.

Saboda haka Radiya, wadda ke koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare wajen Ƙofar Kibo, ta ƙara doki a kan aikinta. Tana idar da sallar asuba sai ta kwashe kashi, ta cika masa bokiti da ruwa, ta zuba dawa da dusa a komi, ta watsa masa damin harawa a ƙasa. Daga nan ta dama wa surukarta Inna Hajo koko, ta kama hannunta ta kai ta banɗaki, ta shimfiɗa mata tabarma a rumfa, don idanun tsohuwar sun kusa tafiya gaba ɗaya. Kafin Radiya ta gama ɗaura ɗankwali, Bidi ya share komai. Ba zai sake ganin abinci ba sai bayan la'asar.

Inna Hajo ce ke wuni da shi, ita ta san abin da yake yi.

"Yau ma ya ci ƙofa," in ji ta, da Radiya ta dawo ta ajiye jaka. "Tun hantsi yake gwaguya. In ya gaji ya koma dukan bango."

Radiya ta leƙa. Saman ƙyauren barga ya zaizaye kamar an bi shi da zarto mara kaifi. Turken ma ya rame daga sama. Bangon ƙasa kuwa ya lashe shi har ya yi rami, ya yi sumul. Dokin ya juyo ya dube ta, haƙarƙarinsa a waje duk da dawar da yake ci.

Ranar ba ta ko cire hijabi ba maƙwabciyarsu Batulu ta yi sallama. Ɗakinta ne ke jingine da bangon bargar ta ɗaya gefen.

"Maman Zainab, ba faɗa na zo ba," ta ce. "Amma zo ki ga. Jiya ƙasa ta zubo a kan gadona. In damina ta same mu a haka, ban san yadda za a yi ba."

Radiya ta ba ta haƙuri, ta ce za ta gaya wa maigidan. Ta gaya masa a waya bayan magariba. Yana cikin hayaniyar mota, ya ce, "Ƙara masa dawa, yunwa ce." Ta ƙara. Bidi ya cinye ƙarin cikin minti goma, ya koma kan ƙofa.

Ran wata Talata ta dawo wajen ƙarfe biyu da rabi, rana na dukan ka, ta tarar da Inna Hajo tsaye a tsakar gida tana lalube da sanda, abin da ba ta saba yi ita kaɗai ba.

"Yi sauri, 'yar nan. Ya faɗi. Na ji faɗuwarsa sau uku."

Bidi na kwance ya jiƙe da gumi sharkaf. Ya miƙe da ƙyar, ya kafta ƙasa da ƙafar gaba, ya waiwaya ya kalli cikinsa, ya sake zubewa yana neman birgima. Radiya ta kira Muntasir sau biyu, bai ɗauka ba. Sai ta tuna da lambar da aka rubuta da gawayi a bangon zaure tun zamanin Yakubu, ta wani likitan dabbobi, Dakta Suhaib, da ke zaune a Gyallesu.

Ya saurare ta, ya yi mata tambayoyi uku, sannan ya ce, "Hajiya, cikinsa ne ya ƙulle. Ina hanya, amma zan kai rabin awa. A kwashe duk abincin da ke gabansa. A sa wani ya tashe shi ya riƙa zagayawa da shi a hankali, kada ya yi ta birgima a wuri matsattse ya ji wa kansa ciwo."

"Ba kowa a gidan. Daga ni sai tsohuwa."

Ya ce, "To, ke ɗin ce."

Ba ta taɓa riƙe ragamar doki ba a waje da barga. Ta kwance shi, ta ja, ta roƙe shi kamar mutum, har ya tashi. Tsakar gidan ba ta isa zagaye ba, ga igiyar shanya ga murhu. Ta bi da shi ta zaure ta fita lungu, da hijabin makaranta da takalmin da ta wuni a ciki.

Lungun Kwarbai mai faɗin mutum biyu ne. Masu ɗinkin hannu da ke zaune a dakalin ƙofar gidan Malam Lawal suka ɗaga kai daga kan rigunansu, allura a tsaye. Wata mata mai ɗauke da niƙa ta manne da bango. Radiya ba ta dubi kowa ba. Ta kai bakin masallaci ta juyo, ta kai bakin rijiya ta juyo. Duk sanda Bidi ya lanƙwashe gwiwa zai kwanta, sai ta finciki ragamar ta ce, "A'a, don Allah, a'a." A zagaye na huɗu ɗaya daga cikin maɗinkan, dattijo mai furfura, ya ajiye rigarsa ya taso, ya koma bayan dokin yana tafa masa cinya in ya tsaya. Haka suka yi ta kai da kawowa har ƙarar babur ta shigo lungun.

Dakta Suhaib ya yi masa allura, ya saurari cikinsa, ya zura masa tiyo ta hanci ya ɗura masa ruwa da mai. Sai da aka yi kiran la'asar aka idar sannan dokin ya lafa, ya tsaya kai a sunkuye. Likitan ya wanke hannu, ya tsaya yana duban ƙyauren da bangon da ƙasar barga.

"Sau nawa yake ci a rana?"

"Sau biyu. Amma yana ci da yawa, Dakta. Wallahi ba a rage masa."

"Na gani. Ba yawan ne matsalar ba." Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa a hannunsa. "Doki a daji yakan yi wajen awa goma sha shida yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Tumbinsa ƙarami ne, kuma kullum yana fitar da ruwan nan mai zafi da ke narkar da abinci, ko akwai abinci ko babu. In ya yi awa tara ba komai a ciki, ruwan nan tumbin yake ci, kamar mai olsa. Shi ya sa yake cin katako. In kuma abinci ya zo sai ya haɗiye da gaggawa, ya haɗa da yashin ƙasa."

"Ni dai ba zan iya barin aji in dawo in ba doki ciyawa ba."

"Ban ce ki bari ba. A rage dawar sosai, a ƙara ingirici, busasshiyar harkiya ko kyasuwa, a cakuɗa da harawar. Sannan a zuba a cikin raga mai ƙananan idanu a rataye, yadda ba zai iya cika baki ba, sai dai ya riƙa zarowa tsinke-tsinke. Abin da yake cinyewa a rabin awa sai ya kai shi awa biyar." Ya ɗaga yatsu biyu a haɗe. "Idon ragar kada ya wuce haka."

"A ina ake sayarwa?"

"Masu dawakin folo na sa a kawo musu daga waje. Zan tambaya miki."

Inna Hajo na zaune bakin rumfa, tana ji. Ta ce, "Yaro, wannan abin da kake ta kwatance, ba ragaya ba ce?"

Likitan ya juya. "Wacce, Inna?"

"Ragaya. Da muke rataye ƙwaryar nono saboda kyanwa. Ni na saƙa duk na gidan nan, da na gidan ƙanwata. Ai sai dai a yi babba a matse ido."

Ya yi dariya, ya ce ita ce.

Washegari daga makaranta Radiya ta biya wajen Bahago mai igiya a bakin kasuwa, ta sayo ƙullin igiyar rama. Inna Hajo ta ɗaura bakin igiyar a babban yatsan ƙafarta, ta miƙe ƙafar, ta fara ƙulli. Ba ta bukatar ido. Tana auna kowane rami da yatsunta biyu, ta ja ta tsuke. Amma hannun ya tsufa, bayan layi uku sai ta tsaya ta murza gaɓoɓi. Kwana biyu ta yi a kai.

Ragayar farko ba ta kai azahar ba. Bidi ya cije ta ya girgiza kai sau biyu, ta yage, ciyawar ta zube ƙasa ya cinye. Radiya ta dawo ta tarar da tsummanta na lilo. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ba ta da ƙarfin jin haushi ma. Ta koma wajen Bahago. Ya ce ai da ta faɗa masa doki ne, ya ba ta igiyar roba mai kauri irin ta masu ɗaure kaya a mota. Wannan ta fi tauri, ta yanka wa Inna Hajo yatsa, sai da aka naɗe da ƙyalle. Likitan ya ce a waya a rataye ta daidai ƙirjinsa, a ɗaure gindinta ma a bango don kada ta sauko in ta yi sako-sako ƙafarsa ta shiga, kuma a kwanakin farko a riƙa watsa masa ɗan ingirici a komi tukuna, ya kashe zafin yunwa kafin ya fuskanci raga.

Juma'ar farko aiki ya riƙe Muntasir a Kaduna, sai a ta biyu ya dawo. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, fuska duk ƙurar hanya, ya wuce barga kafin ya gaida kowa. Abin da ya gani shi ne dokin mahaifinsa, ramamme, yana fizgar wata raga yana huci, yana samun tsinke uku a kowace fizga.

"Radiya! Mene ne wannan?"

"Na gaya maka a waya, Abban Zainab."

"Kin ce raga. Ba ki ce azabtar da shi za a yi ba. Dabbar da ta tashi daga ciwo, a sa mata abinci a gaba a hana ta ci?"

Ya kwance ragayar, ya zazzage ta a ƙasa, ya ɗebo kwano biyu na dawa ya ƙara a komi. Bidi ya dulmiya kai ciki.

Radiya ta tsaya a ƙofar barga da ludayi a hannu. Awa guda ta yi da asuba tana cusa ciyawar nan, ƙaiƙayinta har yanzu yana damtsenta.  Ta koma kicin ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Inna Hajo ba ta faɗin sunan Muntasir, ɗan fari ne, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Da ya zo ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya fuska wajen kicin ta ɗaga murya.

"Radiya, ki gaya wa mai gidan naki, ranar Talata da dokin ya faɗi, matarsa ce ta ja shi a lungu, maza na kallo. Ki gaya masa ni nake wuni da dabbar nan, ba shi ba. In yana son ya san abin da take ciki, gobe Asabar ce. Ya ɗauki kujera ya zauna."

Muntasir ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Ya ɗauki kujerar kuwa. Da safe ya ba dokin abinci yadda ya saba gani ana yi, ya zauna bakin barga da rediyonsa. Ƙarfe bakwai da rabi komi ya zama fayau. Ƙarfe tara Bidi ya fara lasar bango. Goma da 'yan mintoci ya kafa haƙora a ƙyaure ya ja, ya yi wani gurnani daga maƙogwaro, ya sake, ya kuma. Muntasir ya daka masa tsawa, ya bari, ya koma. Wajen sha ɗaya ya juya ya narka wa bangon Batulu ƙafa, ƙasa ta zubo. Muntasir ya kashe rediyon.

Radiya na wanki a bakin famfo lokacin da ya zo ya tsaya a kanta.

"Kullum haka yake yi?"

"Tambayi Inna. Ni ina makaranta."

Ya ɗauko ragayar daga inda ya jefar da ita, ya yi ta juya ta yana neman baki. Ya fara cusa ciyawa, tana zubowa ta gefe. Ba ta tashi ta taimaka masa ba, ta dai ce daga inda take, "Sa ta cikin bokiti ka buɗe bakin a kan gefensa, ya fi sauƙi." Ya yi hakan. Ya rataye. Bidi ya yi fushi da ita na ɗan lokaci, ya ture ta da hanci, sannan ya gano yadda zai kama da leɓe ya zaro. Har aka kira la'asar yana tsaye a wurin yana tauna, ƙurus, ƙurus, kunnuwansa a sake.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Sati na biyu ya sake ɗan murɗawar ciki, mai sauƙi, ta wuce kafin likita ya iso. Cin ƙofa bai bari gaba ɗaya ba, Dakta Suhaib ya ce wanda ya riga ya koya da wuya ya manta, amma ya ragu ƙwarai. Dukan bango ya tsaya. Bayan wata biyu haƙarƙarin suka fara ɓoyewa, gashinsa ya kwanta. Batulu ta aiko da ɗanwake a kwano ba tare da wani saƙo ba.

Aikin Radiya dai bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Ragaya biyu a rana, wata da asuba wata da yamma, ga kakkaɓe ingirici saboda ƙasa da ƙaya, ga neman mai kawo shi, don masu ciyawa sun fi son kai wa masu tumaki a bakin titi da su shigo lungu da kura. Sau biyu ta makara, hedimasta ya yi mata magana a gaban malamai. Igiyar roba ma haƙori na cinta, duk sati uku sai an yi gyara, hannun Inna Hajo kuma kullum ƙara ƙagewa yake.

Wata Asabar da hantsi tsohuwar ta kasa tsuke ƙulli ɗaya. Ta gwada sau uku, ta ajiye igiyar a cinya.

"Zo ki zauna, 'yar nan, in nuna miki. Hannun nan ya gama."

Radiya na tsaye da tsintsiya. Ta dubi igiyar, ta dubi tarin littattafan yara arba'in da bakwai da ke jiran maki a kan tabarma.

"Inna, ki yafe ni. Ba zan koya ba."

Tsohuwar ta ɗaga kai.

"In na koya, ya zama nawa har abada. Ki koya wa mai dokin."

Muntasir na bakin zaure yana goge takalmi, ya ji. Radiya ta fara tunanin ta yi laifi. Can sai tsohuwar ta gyara zama, ta matsa gefe ɗaya na tabarmar, ta ce wa iska, "To, a ce masa ya cire safa."

Ya zo ya zauna gabanta, mutum mai shekara hamsin da biyu, ya miƙe ƙafa. Ta lalubo babban yatsansa ta ɗaura igiyar. Rabon da ta taɓa jikinsa tun yana ƙarami, su duka biyu suka sunkuyar da kai. Ta kama hannuwansa ta bi da su, sama, ƙarƙashi, ja. Ƙullinsa na farko ya zame. Na biyu ya yi ramin da dunƙulen hannu zai shige, ta shafa ta ji, ta ce, "A kwance." Ya kwance. Bayansa ya ƙage kafin azahar, ya tashi yana dafa ƙugu, ya yi salla ya dawo.

Sati huɗu ya ɗauka kafin ya gama ta farko, karkatacciya, gefe ɗaya ya fi tsawo. Ta riƙe ciyawa dai. Ya ci gaba, yana tafiya da igiya Kaduna yana yi a ɗakin da yake haya, har suka zama goma. Daga nan kowace Lahadi bayan azahar yakan zauna a zaure ya kakkaɓe ingirici ya cika su duka, ya jera a kan katako saboda gara, sannan ya ja Bidi su fita ta Ƙofar Kibo ya miƙe ƙafa, su dawo kafin magariba, shi da dokin duk a gajiye. Ya yi maganar neman canji zuwa ofishinsu na Zariya, ya rubuta takarda, har yanzu ba amsa.

Kwashe kashi da ɗiban ruwa suna nan a kan Radiya, Litinin zuwa Juma'a. Takan ɗauki ragaya ɗaya daga zaure ta rataye, ta ɗaure gindin, ta wanke hannu, ta kai Inna Hajo rumfa. Ran nan tana saka takalmi tsohuwar ta ce ta dawo mata da man zafi in ta biyo ta kemis. Radiya ta ce to, ta duba agogo, ta ɗauki littattafan ta fita.